Shin Turare Yana Iya Mallakar Zuciyar Ɗan Adam?

Da sunan Allah Mai rahama, Mai jin ƙai. Godiya ta tabbata ga Allah wanda ya halicci ɗan Adam, ya ba shi ji da gani da hankali, sa'an nan ya ɗora masa amanar da sammai da ƙasa da duwatsu suka ji tsoron ɗauka. Tsira da aminci su tabbata ga shugabanmu Annabi Muhammadu, da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.

Bayan haka, ya ƴan'uwa Musulmi, akwai wata magana da ta yawaita a zaurukan sulhu na ƙasar nan, tun daga Gazawa da Agiye har Tibiri da Gidan Rumji, kuma babu limamin da zai ce ba ta taɓa zuwa gabansa ba. Magidanci ya juya wa uwargida da ƴaƴanta baya, ya daina shiga ɗakinta, ya rage mata awo, in aka zaunar da shi sai ya sunkuyar da kai ya ce ba yin kansa ba ne, turare aka sa masa. Tsohuwa ta ga ɗanta ya rage zuwa gaishe ta, sai ta ce surukarta ta turara shi. Wata baiwar Allah kuma ta kai jar akuyarta kasuwa, wadda ita ce dukiyarta da nonon ƴaƴanta, ta sayar, ta miƙa kuɗin ga mai wata ƴar kwalba da aka ce mata in ta shafa, mijinta ba zai ƙara ganin kowa ba sai ita. A da wajen boka ake samun irin wannan, ana kiransa mallaka ko farin jini. Yanzu abin ya sake riga. Ana tallarsa a cikin wayoyin salula da hotuna masu ƙyalli, an laƙaba masa sunan Turai, wai shi feromon, ana cewa masana kimiyya ne suka gano shi, saboda haka babu shirka a ciki, kuma ba ya kuskure.

Tambayar da ke ƙarƙashin duk wannan guda ce: shin akwai wani ƙamshi da in ya shiga hancin mutum zai ƙwace masa zaɓinsa? Kada a ɗauke ta ƙarama. In amsar ita ce i, to magidancin nan ba shi da laifi, domin Shari'a ba ta kama wanda aka tilasta. In kuwa amsar a'a ce, to akwai hisabi a kansa, akwai kuma hisabi a kan wanda ya karɓi kuɗin akuyar nan. Tun da yake da sunan kimiyya aka zo, ya kamata mu bi masu kimiyyar har gida mu ji abin da suka faɗa da bakinsu.

Mu fara da gaskiyar da ke cikin maganar, don akwai ta. A cikin dabbobi da ƙwari lalle akwai warin da ke ba da umurni, kuma mu mutanen karkara mun riga ƴan boko ganinsa. Duk wanda ya yi kiwo ya san bunsuru in ya shinshina fitsarin akuya, yakan ɗaga kai sama, ya naɗe leɓensa na bisa, ya tsaya cik kamar mai sauraron wani abu daga nesa. Rago yana yi, doki yana yi. Makiyaya sun san kuma cewa awakin da suka daɗe ba su ga namiji ba, in aka saki bunsuru a cikinsu, ba a rufa kwanaki sai su shiga nema kusan a tare. Taure kuwa, wanda aka fiɗiye, ba shi da hamamin nan, ba ya kuma tayar da ko guda. A shekarar 2014 wasu masana a Jami'ar Tokyo ta ƙasar Japan suka tattara iskar da ke tashi daga kan bunsuru, suka gwada ta da ta taure, suka ware sinadari guda wanda da zarar akuya ta shaƙe shi sai ɓangaren ƙwaƙwalwarta mai kula da haihuwa ya motsa. Abin mamaki, sinadarin shi kansa ƙamshin lemo gare shi. Sai ya haɗu da iska ne yake rikiɗa ya koma hamamin da muka sani. Akuya ba ta shawara a kan wannan. Ba ta cewa wannan bunsurun ba shi da kirki, ko iyayenta ba su yarda ba. Saƙo ya iso, jiki ya amsa.

Irin wannan saƙo shi ake kira feromon. Wasu masana biyu, Peter Karlson da Martin Lüscher, su suka ƙirƙiro kalmar a 1959 daga harshen Girka, ma'anarta abin da ke ɗauke da zuga daga wani jiki zuwa wani. A wannan shekara ce wani Bajamushe mai suna Adolf Butenandt ya fitar da na farko a fili, bayan wahalar kusan shekara 20, daga jikin matan wani ƙwaro dangin malam-buɗe-littafi wanda tsutsarsa ke yin siliki. Sai da ya tara mata wajen 500,000 kafin ya sami ɗan abin da zai auna. Namijin ƙwaron da ya ji ɓurɓushinsa a iska sai ya kama kaɗa fiffike yana neman inda ya fito, ko da kuwa a jikin tsinke aka shafa. Haka fara. Ba mu manta da wadda ta shigo ƙasarmu a 2004 ba, ga ƙarancin ruwa, da yunwar da ta biyo baya a 2005 wadda jihar Maraɗi ta ɗanɗana ƙwarai. A 2020 masana a ƙasar Sin sun nuna, a kan wani nau'in fara, cewa in guda huɗu ko biyar suka haɗu wuri ɗaya sukan fara fitar da wani wari mai kiran sauran, haka taro ke ta ƙaruwa har ya rufe rana. Da suka lalata abin da ke karɓar wannan wari a jikin wasu, sai kiran ya daina jansu.

To, a nan ne maganar take. Wari ba ya aiki shi kaɗai, sai da abin da zai karɓe shi. A can ƙuryar hanci ta sama akwai wani ɗan fili mai laima, cike da jijiyoyi, a bakin kowace jijiya akwai wani abu mai kama da kwaɗon ƙofa. Abin da muke shaƙa kuwa mabuɗai ne iri iri masu yawo a iska. Mabuɗin da ya dace da kwaɗo shi ke buɗe shi, jijiya ta kai labari ƙwaƙwalwa. Waɗannan kwaɗuna za mu kira su makarɓai. Kowane makarɓi kuma akwai umurnin ƙera shi a rubuce cikin abin da mutum ya gada daga uwa da uba, wato abin da ake kira ƙwayoyin gado. Linda Buck da Richard Axel, a Jami'ar Kolambiya ta birnin New York, su suka gano wannan dangi na ƙwayoyin gado a 1991, aka ba su kyautar Nobel saboda shi a 2004. An ƙidaya an ga ɗan Adam yana da makarɓai masu aiki wajen iri 400, ɓera yana da fiye da 1,000, giwa kusan 2,000. Da waɗannan 400 ne Bahaushe ya rarrabe ƙamshi da wari, ya ware ɗoyi daban, ƙarni daban, zarni daban, ƙauri daban, hamami daban, kowanne da sunansa. Tsarki ya tabbata ga wanda ya ƙera wannan a wurin da bai fi faɗin farce ba.

Amma bunsurun nan da ya naɗe leɓe, ba da wannan hanci kaɗai yake aiki ba. Yawancin dabbobi masu shayarwa suna da wata gaɓa ta biyu a gindin hanci, bisa ganɗa, wadda wani likita ɗan ƙasar Denmak mai suna Ludvig Jacobson ya yi bayaninta a 1813. Naɗe leɓen nan tura ruwa ne zuwa cikinta. Tana da nata makarɓai daban, da tata hanya daban wadda ke zarcewa zuwa ɓangarorin ƙwaƙwalwa masu kula da barbara da faɗa. Akwai kuma wata ƙwayar gado guda, masana suna mata laƙabi da TRPC2, wadda ita ce kamar ƙofar da duk saƙon wannan gaɓa yake bi ya fita. A 2002, a ɗakin binciken Catherine Dulac na Jami'ar Harvard, an lalata wannan ƙwaya a jikin ɓeraye maza. Ɓeran da a da in ya ji warin baƙon namiji sai ya far masa da cizo, sai ga shi ya daina faɗa, ya ma kasa bambanta namiji da mace. Ƙwaya guda aka taɓa, ɗabi'a ta rushe. Wannan ita ce mallaka ta gaskiya, in ana neman mallaka: halitta wadda linzaminta ke cikin hancinta.

Sai aka juyo kan ɗan Adam. Ga abin da aka samu, kuma muna roƙon mai karatu ya riƙe shi da kyau, don shi ne abin da masu talla ba za su faɗa masa ba. Gaɓar nan ta biyu tana fara tsirowa a jikin ɗan tayi, sa'an nan ta tsaya. Abin da ke saura ga baligi ɗan rami ne a bangon hanci, ba a same shi da jijiyoyin da ke kai labari ƙwaƙwalwa ba. Ƙwayar TRPC2 tana nan cikin gadonmu, amma a 2003 ƙungiyoyi biyu na masana a Amurka, kowace da aikinta, sun nuna cewa a lalace take, kamar takardar da gara ta ci tsakiyarta: ana gane ko wace takarda ce, amma ba ta karantuwa. Makarɓan wannan gaɓa dangi biyu ne manya. A dangi na farko ɓera yana da masu aiki fiye da 100, mutum kuwa biyar kacal suka rage da siffar lafiyayyu, sauran duk gara ta ci. A dangi na biyu ko ɗaya bai rage mana ba. Masanan suna da nasu bayani a kan yadda haka ta faru da lokacin da ta faru, ba shi ya tara mu yau ba. Abin da ya shafe mu shi ne abin da ke cikin hancin kowane ɗayanmu a yanzu: rijiyar tana nan, amma ta cike da ƙasa, babu guga babu igiya.

Me ke cikin kwalbar da ake sayarwa ke nan? In ma ba ruwan turare ne kawai da sabon suna ba, galibi wasu sinadarai ne da ake haɗawa a masana'anta, dangin wani da ake kira androstenon. Shi wannan feromon ne na gaskiya, amma na alade. Yana cikin yawun namijin alade, macen da ke nema in ta ji shi sai ta ƙame ta tsaya masa, har masu kiwon aladu a Turai suna sayensa a gwangwanin fesawa. Ana samun ɗan kaɗan nasa a gumin hammatar mutum, daga nan aka ɗauko zancen cewa mu ma zai yi mana aiki. Wasu ƴan'uwansa biyu da suka fi shahara a talla, wani kamfanin turare na Amurka ne ya fara yayata su a wani taro a birnin Paris a 1991, wato mai kaya ne ya yi wa kayansa shaida. A 2015 Tristram Wyatt na Jami'ar Oxford, wanda ya shafe shekaru yana nazarin wannan fanni, ya bi diddigin abin da aka rubuta, ya ce babu hujja mai ƙarfi cewa waɗannan sinadarai feromon ne ga ɗan Adam. A 2017 masana a Jami'ar Yammacin Ostareliya suka gwada biyun nan a kan maza da mata, ba tare da mai shaƙa ya san abin da aka ba shi ba, suka ga ba su canza yadda kowa ke ganin kyan kowa ba. Har yau ba a ware wani sinadari guda aka tabbatar cewa shi ne feromon ɗin sha'awa na ɗan Adam ba. Saurayin da ya tura kuɗinsa don ya mallaki ƴaƴan mutane, shi aka mallake: bunsuru ya je barbara ya dawo da ciki.

Akwai wani abu kuma a kan androstenon ɗin nan da ya isa ya rufe bakin mai talla. A 2007 masana daga jami'o'in Rockefeller da Duke suka ba mutum kusan 400 shi su shinshina. Wasu suka kau da kai suka ce zarnin fitsari ne ko tsohon gumi. Wasu suka ce ai ƙamshi ne mai daɗi. Wasu suka ce ba su ji kome ba. Da aka duba gadonsu sai aka ga babban dalilin yana ga makarɓi guda, mai laƙabin OR7D4, wanda rubutunsa ya ɗan sha bamban tsakanin mutum da mutum. Wani bincike na 2014 ya ƙiyasta cewa in ka ɗauki mutum biyu, kusan kashi 30 cikin 100 na makarɓansu ba iri ɗaya suke aiki ba. Ashe ko ƴan ɗaki ɗaya ba duniya ɗaya suke shaƙa ba. Wannan ya kamata ya sa mu rage saurin cewa wane ƙazami ne don bai ji abin da muka ji ba, ko wance tana da tsirfa don ta ji abin da ba mu ji ba. Amma ga maganarmu ta yau, tambaya ɗaya ta isa: ina mabuɗi guda da zai buɗe kowane kwaɗo, alhali ba a ƙera kwaɗunan iri ɗaya ba?

Adalci ya wajaba ko a kan abokin gardama, saboda haka ba za mu ɓoye abin da ke ɗaya ɓangaren ba. A 1995 wani masani a birnin Bern na ƙasar Suwizalan, Claus Wedekind, ya sa maza suka kwana biyu da riguna, ya ba mata su shinshina, ya ga da yawansu sun fi son warin namijin da ƙwayoyin garkuwar jikinsa suka bambanta da nasu. An maimaita irin wannan gwaji a wurare da dama, wani lokaci ya fito haka, wani lokaci bai fito ba. Ko da ya tabbata, abin da ya nuna shi ne an fi son warin wata riga bisa wata, ba a ce wata ta bar gidan mijinta ta bi mai rigar ba. Abin da ya fi kusa da feromon na gaskiya a jikin ɗan Adam, a ganin masana da yawa, yana wani wuri da masu talla ba su damu da shi ba don ba ya kawo kuɗi. A 2009 a birnin Dijon na Faransa an nuna cewa jariri ɗan kwana uku, in aka kusanto masa da ɗan ruwan da ke tsattsafowa daga kewayen kan nonon mai jego, ko da ba uwarsa ba ce, sai ya fara motsa baki yana neman tsotso. Ku duba wannan da kyau. Inda aka ga alamar wari yana ba ɗan Adam umurni, a lokacin da ba shi da hankali ne, ba shi da zaɓi, alƙalami bai hau kansa ba, kuma umurnin na rahama ne, don ya rayu.

Kada wani ya fahimce mu da cewa ƙamshi ba shi da tasiri. Yana da shi, mai ƙarfi kuwa. Ƙamshin ƙasa a ruwan farko yana sa manomi ya kasa barci. Wanda ya yi shekaru a ci-rani, in ya ji ƙaurin tuwon hatsi, sai gida ya faɗo masa a rai. Alƙur'ani mai girma ya ba mu labari a Suratu Yusufa, aya ta 94, cewa ayari na barin Masar da rigar Annabi Yusufu, mahaifinsa Annabi Yaƙubu ya ce yana jin ƙamshin ɗansa. Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, yana son turare, ya kwaɗaitar da wanka da shafa shi ranar Juma'a, ya hana wanda ya ci ɗanyar tafarnuwa ko albasa ya matsi mutane a sahu, ya kuma yi gargaɗi mai tsanani ga macen da za ta sha turare ta ratsa taron maza don su ji. Da ƙamshi ba ya motsa zuciya, da ba a yi wannan gargaɗi ba. Amma motsawa daban, mallaka daban. Shari'ar da ta ce wa mace kada ta fita da turare, ita ce ta ce wa namiji ya runtse idonsa ya tsare farjinsa, ba ta kuma ce in ya ji turare an ɗauke masa wannan umurni ba. Allah ba ya ɗora wa rai abin da ba ta iyawa. Tun da ya umurce ka ka kame bayan ka ji, to kana iyawa.

Surar nan da ta kawo labarin ƙamshin riga, ita ce ta kawo labarin rigar da aka yage ta baya. An rufe ƙofofi, an shirya duk abin da ake shiryawa, saurayi ne baƙo a gidan masu mulki, babu mai gani. Ya nemi tsarin Allah ya nufi ƙofa a guje. Wannan gudu shi ne abin da bunsuru ba zai iya ba, shi ne kuma abin da ya sa aka tanadi aljanna da wuta domin mutum, ba a tanade su domin awaki ba. Malamanmu na Sunna tun da daɗewa sun yi wa Jabariyya raddi, masu cewa bawa kamar gashin tsuntsu yake a iska. Suka ce Allah ne mahaliccin kome, amma bawa yana da nufi da tsiwirwira, a kansu ake yi masa sakamako. Mai cewa turare ne ya sa shi ya wulaƙanta iyalinsa ya shiga mazhabar Jabariyya ta ƙofar baya, ko da bai taɓa jin sunanta ba.

A nan akwai wata tuntuɓe da muke so ɗalibanmu su kiyaya. Kada wani ya hau mumbari ya ce kimiyya ta tabbatar da cewa mutum yana da zaɓi saboda an sami wata ƙwayar gado a lalace. Ba daga ɗakin bincike muka samo hukuncin ɗaukar nauyi ba, daga wahayi muka same shi, da abin da kowane mai hankali ke ji a ransa sa'ad da ya yi nadama. In gobe wani masani ya gano wani sinadari mai ɗan ƙara bugun zuciya, ko ya nuna ɗaya daga makarɓai biyar ɗin nan yana wani aiki, ba abin da zai ragu daga hisabi, kamar yadda yunwa take da tasiri a jiki amma ba ta halatta wa mai azumi ya ci da rana don ya ji ƙamshin tsire. Amfanin da muka ɗauka daga masana ƙarami ne, amma ya isa: wanda ya zo da sunansu yana sayar da mallaka, ƙarya yake yi musu.

Wani zai ce, to Malam, sihiri fa? Ba mu musun sihiri. Suratul Baƙara, aya ta 102, ta ambaci masu koyon abin da suke raba miji da mata da shi, ta kuma faɗa a nan take cewa ba sa cutar da kowa sai da izinin Allah, kuma mai sayen wannan ba shi da rabo a lahira. Hadisin Abdullahi ɗan Mas'udu ya sa abin da Larabawa ke kira tiwala, wato abin da mace ke yi don ta juyo da zuciyar miji, cikin jerin shirka. Saboda haka mai neman mallaka bai tsira ta kowace fuska ba: in abin ya ci, ya yi shirka, in bai ci ba, ya yi shirka ya kuma yi asara. Canza wa kwalba suna daga na boka zuwa na Turai bai canza niyyar da ke zuciyar mai saye ba. Amma abin da muke gani a zaure, mafi yawan lokaci ba ya bukatar a kai shi ga sihiri. Mutum ya yi sabon aure, ɗoki ya kwashe shi, ya ga ya fi masa sauƙi ya ce an yi masa turare da ya ce ya yi zalunci. Uwa kuma ta ga ya fi mata sauƙi ta tuhumi ƴar mutane da ta yarda ɗan da ta haifa ne ya gaza. Tuhumar Musulma da sihiri ba tare da shaida ba kuwa ba ƙaramin abu ba ne. Mun ga auren da ya mutu a kanta, mun ga zumuncin gidaje biyu da ya yanke, mun ga yarinyar da ta koma gidan ubanta da sunan da ba za ta iya wankewa ba, alhali laifinta kawai ta iya gyaran ɗaki.

Gyaran ɗaki kuwa abin yabo ne. Turaren wuta da humra da miski da sandal, da Bint el Sudan da iyayenmu mata suka saba ajiyewa a ƙasan akwati, duk halal ne, mace ta yi wa mijinta tana da lada, namiji ma ya yi wa matarsa, don ita ma tana da hanci. Matan da ke haɗa turare suna sayarwa a gidajen biki sana'a suke mai tsabta, muddin sun ce ga ƙamshi, ba su ce ga mallaka ba. Shi kansa miski ai daga jikin namijin wata barewa ake samo shi, jibda kuma daga jikin wata dabbar dawa, kowanne saƙo ne tsakanin dabba da ƴan'uwanta. Da ya zo hancinmu sai ya zama ƙamshi kawai, mu ji daɗi, mu gode wa Allah, mu wuce.

Ita kuwa baiwar Allah da ta sayar da akuyarta, ba za mu tsaya ga yi mata wa'azi mu ƙyale wanda ya kai ta ga haka ba. Mace ba ta rabuwa da abin da take tatsa don nishaɗi. Tsoro ne ya kai ta, tsoron saki, tsoron a mayar da ita bora a gidan da ta ci wuyarsa. Da mazajenmu suna raba kwana da awo da sakin fuska yadda aka umurce su, da kasuwar masu kwalba ta mutu da kanta. Duk da haka muna tambayarta, mu tambayi saurayin da ke son ƴan mata su bi shi: a ce ma abin yana ci, me kuka samu? Mijin da ke zaune da ke don an toshe masa zaɓi, ba zama yake da ke ba, ɗaure yake a turke. Allah ya gaya wa Annabinsa a Suratul Anfali, aya ta 63, cewa da zai kashe dukan abin da ke bayan ƙasa ba zai haɗa zukatan sahabbansa ba, Allah ne ya haɗa su. Abin da dukiyar duniya ba ta saya wa fiyayyen halitta ba, ba za a same shi a kuɗin akuya ba.

Buhari ya ruwaito labarin Barira, baiwar da Nana A'isha ta saya ta ƴanta. Da ta sami ƴanci sai Shari'a ta ba ta zaɓi, ko ta zauna da mijinta Mugisu, wanda yake bawa, ko ta rabu da shi. Ta zaɓi rabuwa. Mugisu ya riƙa bin ta a titunan Madina yana kuka, hawaye na jiƙa masa gemu, har Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya nuna wa baffansa Abbas mamakin irin son da Mugisu ke mata da irin ƙin da take masa. Ya ji tausayinsa, ya yi mata magana ko za ta koma. Ta tambaya, umurni ne? Ya ce a'a, ceto kawai yake yi. Ta ce ba ta da bukatarsa. Manzon Allah bai tsawata mata ba, bai kuma koya wa Mugisu wani abin da zai shafa ko ya turara ba. Aka bar ta a kan zaɓinta.